Sakan Biyar

Babu wanda ya gani, in ji su.
Gonakin masarar Nebraska ba su da baki,
ruwan sama kuma ya wanke titi kafin gari ya waye.
Orval, mijina, bai tuna komai ba
sai rediyo tana faɗin farashin waken soya,
sai silin asibiti a Kearney,
da ƙafafu biyu da suka daina amsa kira.

Mutumin inshora ya zo da takalmi mai sheƙi.
Ya ce, "Uwargida Hruska, direbanmu ya taka birki tun daga nesa,
maigidanki ne ya shigo masa gaba babu sigina."
Ya ajiye takarda kusa da kofina.
Kuɗin ciki ba zai kai mu ƙarshen hunturu ba.
Na ɗauki biro, na juya shi, na mayar masa.

Lauyar da ƙanwata ta samo, Marisela Ocampo,
gajeruwa, tana magana tana ɓare gyaɗa, ta ce:
"Tirelar nan tana da ɗan leƙen asiri a cikinta,
wani akwati manne da inji, bai kai sunƙin burodi ba.
Ba ya gyangyaɗi, ba ya tsoron a kore shi.
Amma in suka gyara motar ta koma hanya,
sabuwar tafiya na iya take sawun tsohuwa."
A daren ta aika musu wasiƙa:
kada wanda ya murza makulli.

Kwana goma sha ɗaya.
Sannan wani gareji mai warin man dizal, sanyi na cizon yatsu,
wani saurayi ya jona waya a cikin motar,
lauyoyi sun yi cirko-cirko, kowa hannu a aljihu.
Lambobi suka fara sauka.

Saura sakan biyar: mil saba'in da huɗu, totur a ƙasa.
Saura huɗu: haka.
Uku: haka.
Biyu, birki babu.
Ɗaya, birki babu.
Sai a rabin sakan na ƙarshe ƙafa ta farka.

Na zaci zan ji sanyi a raina.
Sai ɗaya na'urar, mai ƙirga awoyin direba, ta buɗe nata bakin:
awa goma sha shida a kan sitiyari,
da saƙo daga ofis, ƙarfe biyun dare,
"Kaya su isa Omaha kafin bakwai, ko ka nemi wani aikin."

Tobiah Renfro sunansa, shekara ashirin da shida.
Na gan shi a barandar kotu yana murza hula,
kwat ɗin aro ta yi masa yawa a kafaɗa.
Ya rantse ya taka birki, kuma ina jin har zuci ya yarda.
Barci ɓarawo ne, ba ya barin rasit.

Kamfani ya biya kafin alƙali ya zauna.
Muka faɗaɗa ƙofar banɗaki,
aka zuba siminti inda matakala take.

Akwatin ya san gudu, ya san juyin inji.
Bai san nauyin namiji ba
in za ki juya shi a gado ƙarfe ukun dare.
Bai rubuta takalman aikinsa ba,
suna nan bayan ƙofa da busasshiyar laka,
na kasa bayarwa.

Orval ya sa na kawo masa takardar lambobin.
Yana ajiye ta a aljihun kekensa, ta yi laushi don ninki.
Jiya na same shi bakin taga, yatsa a kan layin farko.
"Verna, duba nan," ya ce, "saura sakan biyar.
A nan ina da ƙafafuna,
kuma wake ya ƙara kuɗi."