Masaƙiya a Gaban Duwatsun Calanais

Da yamma liƙis ruwa ya ɗauke,
Uisdean ya kama hannuna muka hau tudu.
Shekarata saba'in da huɗu a tsibirin nan,
idona ya soma hazo,
na bar wa tafin hannu aikin gani.

Ga su can cirko-cirko,
sha uku a zobe, dogo ɗaya a tsakiya,
kamar mutanen da aka kira taro
aka manta ba a sallame su ba.
Iskar teku na bi ta tsakaninsu tana fito.

Na dafa na farko.
Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu.
Ba sumul yake ba:
layi-layi ne, fari da toka-toka da baƙi,
sun lanƙwashe, sun naɗe, sun koma baya,
yadda zare kan yi
in ƙoshiya ta kuɓuce wa mai saƙa.
Na ce wa yaron: wannan ai saƙa ce.
Ya yi dariya, wai malaminsu ya ce
wuta da nauyin ƙasa ne suka murɗa shi
shekara miliyan dubu uku da suka shige.
Na ce: to, da ma na ce maka mace ce ta saƙa?

Miliyan dubu uku.
Na ɗora adadin a harshe, ya ƙi zama.
Ni iyakar ƙirgata zare ne da mata:
uwata, uwar uwata,
sai wata Seonag da ba a san kabarinta ba.
Nan lissafina ya tsaya cak,
dutsen kuwa ko hamma bai yi ba.

Su waɗanda suka tayar da su fa?
Shekara dubu biyar, ba suna, ba wasiyya.
Igiya ta ruɓe, kafaɗun da suka ja sun zama ƙasa.
Amma na rantse akwai wani a cikinsu
da ya tsaya, ya karkata kai, ya ce:
a'a, ku juyo da wancan gefen, ya fi kyau.
Na san irin wannan idon.
Da shi na zaɓi ulu shekara hamsin.

Gansakuka ta yi wa dutsen furfura.
Kakata da cokali take kankare irinta a duwatsun gaɓa,
ta dafa da ulu a tukunyar ƙarfe
har ya fito ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta,
ƙanshin ba ya barin riga ko ta tsufa.
Waɗannan kam ba ta taɓa su ba.
Ta ce ba a yi wa tsoho aski yana tsaye.

Uisdean ya durƙusa da gawayi da takarda
yana son kama inuwar dogon.
Kafin ya gama kai, inuwar ta matsa.
Ya goge da babban yatsa, ya sake,
iska ta fizge takardar ta yi fadama da ita.
Ya bi ta da gudu yana zage-zage.

Da na ga ba kowa,
na manna kunne a jikin dutsen.
Ban ji komai ba sai bugun jinina.
Na lasa ɗigon ruwan da ya kwanta a tsaga:
gishiri-gishiri, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe.
Tsohuwa da ni! Na duba ko wani ya gani.
Wata tunkiya ce kawai bayan shinge, tana tuƙa.

Gobe zan ja zare:
toka-toka uku, fari ɗaya, baƙi siriri,
in bar wuri guda ya karkace da gangan.
Bargon zai yi shekara arba'in in an adana,
daga nan asu ya ci rabonsa.
Ba komai.

Mun sauko duhu na bin diddigenmu.
Na zauna gaban murhu, na miƙa hannu biyu.
Na hagu ya ɗumama nan da nan.
Na dama, wanda ya dafa,
har na kwanta bai saki sanyin ba.