Tarin Asuba

A Modena, cikin garejin Fiorenzo,
Osvaldo ya shafa jar motar mahaifinsa,
mai kujera biyu, 'yar shekara hamsin da bakwai.
"So nake ta kai ni aiki kullum,
ko da sanyin Janairu."

Fiorenzo ya lashi fensir.
Birki, yuro dubu uku.
Wayoyi duk ɓera ya ci.
Kafireto a cire, a sa mai ƙwaƙwalwa.
Tsatsa kuwa, sai an kankare fenti a gani.

Gyara ya ninka kuɗin motar.
Gonar inabi ta tafi.

Yanzu bugu ɗaya take tashi.
Amma tarin nan nata na asuba,
irin na marigayi,
an gyara har da shi.

Osvaldo yakan murɗa makulli,
ya kasa kunne.