Gonar Baba a Hawa na Bakwai

A Jiraif, gaɓar Shuɗin Nilu,
inda ambaliya kan sauke kayanta ta wuce,
Baba Ilu ya yi lambu.
Yakan ce, wanda kogi ya ba laka
ba ya roƙon taki wurin kowa, nasa kawai ya dasa.

Lalo nan, kuɓewa can, albasa a tsakiya.
Ni ke korar tsuntsaye da gwangwani,
Batula na tsinkar lansir a haɓar zane.
In rana ta take, mu shige inuwar bagaruwa,
Inna ta kwance kisira, mu ci da gasasshiyar karfasa.

Birni a lokacin fitila ce can nesa,
ka gan ta da dare, ka kwanta, ka manta.
Sai ta fara tahowa.
Ba da gudu ba. Yau katanga, gobe shago,
jibi mai awo da igiya da jan fenti
yana tattaka mana yabanya.
Muka yi masa sannu, ya ƙi ya amsa.

Shekarar da muka binne Baba
Alhaji Mirgani ya zo ta'aziyya a farar mota.
Bayan addu'a ya duƙa, ya damƙi ƙasar, ya murza,
ya ce, yaro, wannan ta fi ƙarfin kuɓewa,
jan bulo ne kwance a cikinta, a haƙa a gasa.

Bashi na wuyana, na sa hannu.
Ba zan ɗora wa kowa ba.
Ni na kai saran farko da fartanyar Baba,
ni na kwaɓa laka da kashin shanu,
na jera dubu, na jera dubu goma a kamina.
Da itace ya yi tsada muka ɗaga kai muka dubi bagaruwar nan.
Kwana uku tana ci, kuma reshe reshe ni na cusa.

Yanzu asuba ba ta da launi sai na hayaƙi.
Ɗan Batula na tari kamar tsoho mai shekara saba'in.
Mahajub masunci ya jefa birgi sau tara jiya,
ya jawo leda, da silifa wari guda, da robar ruwa.
Ya yi dariya, ya ce kogin ma ya koma ɗan kasuwa.
Gaɓar da muka rarake, ruwa na gutsurarta kowace damina,
ya cinye wurin albasa, ya cinye makwancin jaki,
bana ga shi bakin masallaci, ya matso kusa.

Ran Talata na bi lodi zuwa cikin Khartum.
Aka ce a hau da shi hawa na bakwai, ba a yi shafe ba tukuna.
Na sauke, na tsaya ina haki,
na dafa bango, sai na ji shi da ɗumi.
Na duba da kyau: ga shatin babban yatsana a jikin bulo.
Ashe nan gonar ta zo.
Ga lalo, ga kuɓewa, an toya, an ɗora bisa bisa.

Ta taga na leƙa in ga gidanmu.
Rufin kwano ne da siminti har inda ido ya gaji,
kogin a tsakiya ya rame kamar zaren da aka yar.
Mai gadi ya daka mini tsawa, na sauko ƙasa.

Da yamma 'yata Rumana ta dawo daga makaranta,
an ce kowa ya shuka wani abu a gwangwanin fenti.
Ta tona tsakar gida, toka ce da ɓaraguzan bulo.
Na kai ta wurin mai furanni a gindin gada,
na zaro kuɗin dakon yini guda,
ni ɗan Ilu mai lambu,
na ce, auna mini leda ɗaya ta ƙasa.