Jar Lamba

A Larnaka, ƙarfe tara na safe,
Kiriyaki ta fito da takarda da biro,
ta zagaya 'yar motar kamar mai tayin akuya,
ta duƙa, ta shafa, ta ja da'ira a kan zanen.
"Wannan ƙarzanen ba naka ba ne," in ji ta,
"wannan lotsawar ma ba taka ba ce."
Da'ira bakwai na ƙirga.
Na ce a raina, ina ma haka ake karɓar mutum:
a zagaye shi, a nuna tabon da ya zo da shi,
a sa hannu cewa ba laifinsa ba ne.

Lambar motar ja ce jawur,
don duk tsibirin ya san baƙo ne a ciki,
a ba shi hanya, a yi masa uzuri,
a yi masa dariya in ya wuce.

Sitiyari yana dama.
Hannuna ya tafi neman giya, ya gaisa da ƙofa.
Na so in nuna zan karya kwana,
sai abin goge gilashi ya kama rawa
ga rana ƙwal, ko ɗigon ruwa babu.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi,
yau ga ni ɗan koyo da furfura,
ina jan "hagu, hagu, hagu" kamar wuridi.
Shataletalen farko sau uku na kewaye shi.
Nusaiba, 'yata, ta rufe baki da gyale,
kafaɗunta kaɗai ke tona mata asiri.

Muka bar teku a baya, muka hau duwatsu.
Gonakin inabi hawa-hawa, itatuwan zaitun masu doro.
Matar cikin waya ta ce mu shiga dama.
Ita da ba ta da haƙarƙari,
ina za ta san faɗin lungu?
Katanga nan, katanga can, mu a tsakiya
kamar zare a bakin allura.
Sai na ji ƙiiii a gefen hagu,
na ji shi har cikin aljihuna.

Wasu tsofaffi na buga dararsu a ƙofar shagon gahawa.
Ɗayansu ya ajiye 'ya'yan wasan, ya taso ba gaggawa,
ya naɗe mana madubi kamar kunnen ɗan maraƙi,
ya tsaya a gaba, yana kira da yatsu:
taho, taho, tsaya, kaɗan, taho.
Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa,
amma hannu bai taɓa neman tafinta ba.
Da muka fita ya dafa ƙirji: "Sotiris."
Ya nuna katangar. Na duba.
Fenti shuɗi, fenti fari, ruwan toka, ja,
kowane baƙo ya bar sa hannunsa.
Ya zuba wa Nusaiba lemon tsami biyar a cinya,
ya koma ya ci gaba da wasansa.

Kwana shida motar na ƙamshin lemo.
Hannuna ya daina gaida ƙofa.
Ranar da na fara jin kamar tawa ce,
ranar ce ta mayarwa.

Na cika tanki har wuya, na kakkaɓe yashi.
Kiriyaki ta zagaya, ta tsaya a gefen hagu,
ta bi layin da ɗan yatsa, ta dubi farar ƙurar.
"Katangar bayan coci?" Na ce ita ce.
Ta yi murmushi, amma ta cire kuɗinta cif.

Ina jan akwati na waiga.
Wani saurayi da amaryarsa na tsaye da fasfo a hannu,
tana ja musu da'ira ta takwas,
tana cewa: "Wannan ba naku ba ne."