Inci Ashirin da Huɗu

Tsohuwar monitata ta mutu ranar Talata,
ba ta yi jinya ba.
Ta ƙifta sau biyu, ta yi shuɗi, ta yi ɗif,
katin bikin 'yar Hajiya Gambo na ciki,
rabi a rubuce, rabi a kaina.

Da sassafe na hau danfo daga Agege,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana.
Ina sauka ƙarƙashin gadar Ikeja
samari suka yi mini caa, kamar an watsa wa kaji tsaba.
Na dafe aljihu, na ce ina da mutumina.

Mutumina Ekene ne, hawa na biyu,
shago kamar akurki, allo kan allo har rufi,
kifi ɗaya ke iyo a cikinsu duka.
Wannan sabuwa dal, in ji shi, wannan tokumbo.
Na ce kashe mini kifin nan,
kyan ɗan maciji ba ya ruɗa ni.
Sa mini fari fat. Sa mini baƙi ƙirin.
A fari ake kama tabo,
a baƙi ake ganin haske na yoyo ta gefe.
Na leƙa ta dama, na leƙa ta hagu, na tsuguna.
Ta uku ce kaɗai ba ta sauya mini fuska ba.
Albarka, albarka, har aka kira azahar,
sannan ya sallama, ya ba ni waya gyara.

A gida teburi ya yi mata ƙasa.
Na ɗora ta kan tsofaffin kundin rasit biyu
har bakinta na sama ya zo daidai girata.
Na juya ta, ta ba taga kafaɗa,
don ranar Legas ba ta sallama in za ta shigo.
Na kunna. Shiru.
'Yar fitila ruwan lemo tana harara ta.
Na zare waya, na hura, na mayar.
Ashe ƙofar da na ƙwanƙwasa daban,
wadda take jira a bakinta daban.
Maɓalli guda na danna, duniya ta dawo.

Da dare aka ɗauke wuta,
janareton Baba Mutiyu ya karɓi aiki da tari,
layuka suka kama rarrafe daga ƙasa zuwa sama.
Sitabilaiza ce ta raba wannan faɗan.
Koren Hajiya kuwa ya fito a takarda
kamar miyar kuka da ta kwana.
Na rage haske, na rage ja,
na kara ƙyallen ankonta a jikin gilashi
ina dannawa, ina dannawa,
har launin biyu suka gaisa.

Abu ɗaya ya ƙi: rubutu.
Haruffa sun yi gashi-gashi,
da da ɗa sun zama tagwaye,
ƙugiyar ƙa ta bi ruwa.
Na sake waya. Na goge da tsumma. Na goge kuma.
Na jawo kwali zan mayar wa Ekene kayarsa,
har na tanadi baƙar maganar da zan dire masa.

Sai ga Mudassir, ɗan ƙanwata,
can bakin ƙofa, biredi a hannu, baki cike.
Daga nan ya karance katin tsaf,
har ƙananan lambobin waya na ƙasa.
Ya ce, Kawu, ka rubuta Asabar sau biyu.

Na zauna.

Shekara arba'in da bakwai ina kallo ta tagogin nan biyu,
ban taɓa tambayar incinsu ba.
Ba rasit, ba garanti,
ba shagon da zan hau bene in yi ciniki.

Na ture kwalin da ƙafa zuwa ƙarƙashin gado.
Jibi zan je a auna ni, a yanka mini tabarau.
Yau dai na ƙara wa haruffa girma,
na goge Asabar ɗaya,
na ce yaro ya matso da kujera
ya duba mini saura.