Alƙalai Biyar da Mai Ƙararrawa

Ni ne mai ƙararrawa a ƙarshen teburi,
Minti bakwai, in kaɗa, mawaƙi ya sauka.
Ba ni da maki, ba ni da alƙalami,
Sai kunne biyu da agogon kaka.

A firamaren Ƙofar Marusa aka jera su,
Kujeru biyar, ɗaya an tokare ta da bulo.

Malam Ɗayyabu na Rafindadi ne a dama,
Shekara talatin yana koyar da aruli.
Yatsunsa na tattaki a kan gwiwarsa,
In ƙafar baiti ta karye ya runtse ido
Kamar ya tauna tsakuwa cikin wake.

Dakta Rumasa'u ta taho daga jami'a
Da takarda mai gida-gida kamar dara:
Nan jigo, nan salo, nan amsa-amo.
Ta ce, "Ko mai gero da tiya yake awo,
Tafin hannu ya san ɗan'uwansa."

Tanimu maƙeri bai taɓa zama aji ba,
Makinsa ƙwallon dabino ne a aljihu.
Guduma ce ta koya masa kari,
In bugu ya zauna, uwar maƙera kan amsa.

Inna Tasalla unguwarzoma ce,
Rabin zauren nan ita ta yanke wa cibi.
A bakin dutsen niƙa ta koyi waƙa,
Ba ta ƙirga gaɓa, numfashi take bi.

Isiyaku kuwa direban Jibiya ne,
Ya san baitin da ke kore gyangyaɗi
Da wanda ke sa fasinja minshari.

Tun hantsi ake yi har la'asar sakaliya,
An yabi ilimi, an zagi zalunci,
An yi wa lalaci bulala tara.
Sai ga Mannir mai faci, da baƙin mai a farce,
Ya ɗauko waƙar ubansa, mahaƙin rijiya,
Wanda ya shayar da unguwa bakwai
Ya rasu gidansa na sayen ruwan garuwa.

A baiti na tara murya ta sarƙe.
Ɗango ya zo a gutsure,
Ya yi shiru.
Aka ji fanka na juyi a sama.
Sannan ya ɗora.

Da aka rufe ƙofa, ina kwashe kofuna,
Malam ya ce, "Gaɓa biyu sun faɗi, na ƙirga."
Dakta ta duba gidajenta duka,
Ta ce, "Ban tanadi gidan shiru ba."
Tanimu ya ce, "Nan ne ake ɗaga guduma,
Wanda bai ɗaga ba ya fasa lauje."
Inna ta ce, "Ni na san shirun nan,
Shi ne tsakanin faɗowar ɗa da kukansa."
Isiyaku ya kaɗa makulli a yatsa:
"Da a hanya na ji ta, da na faka."

Malam bai janye ba, dokarsa ke nan,
Wanda ya sassauta wa ɗaya ya cuci goma.
Aka tara alƙalami da ƙwallon dabino,
Wata malamar Ƙofar Sauri ta ɗau kofi,
Waƙarta sumul, ba inda za ka sa allura.
Ta cancanta, ban ce komai ba.
Mannir ya zo na biyu, da rediyo da turmin atamfa.

Amma a bakin ƙofa na ga Malam Ɗayyabu
Ya roƙi takardar nan mai tabon mai,
Ya ninke ta huɗu ya sa cikin hula.
Dakta na rubutu a bayan takardarta,
Inda ba layi, ba gida, ba jimla.

Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni
Minti nawa yaron ya ci a tsaye.
Goma sha ɗaya ne.
Ƙararrawa na hannuna,
Na riƙe harshenta da babban yatsa.