Aljanin Da Ya Fito Fili

A Garwa, bayan isha'i, in zafi ya kori kowa daga ɗaki,
nakan jingina wayata da randar Kaka Hansatu
mu kalli katun ɗin Japan.
Ni ke bin Faransancin da ke gudu a ƙasa,
in juya mata shi, rabi daidai, rabi ƙarin gishiri.
Sunan yaron ya ƙi zama a bakinta,
sai ta raɗa masa Kan-Tsintsiya, saboda gashinsa.

Bara muka ga zangon farko.
Yaron matsoraci ne, mai yagaggen takalmi,
abin da ke binsa kuwa ba mu taɓa sa shi a ido ba.
Ƙofa ce za ta buɗe kanta,
shayi ya huce a kofi nan take,
kare ya haɗiye haushinsa.
Kaka, da yana ta cinye mata rabin gani,
sai ta dafa gwiwata: "Tsayar. Yana nan. Iska ta sauya."
Ta tofa addu'a a kan gilashin, ta ce in ci gaba.
Dare goma sha biyu, sau ɗaya yaron ya zare takobi,
hannu na rawa kamar mazari,
ya sari iska, ya faɗi, ya yi kuka da majina.
Daren nan sai da na raka ta alwala da tocila.

Bana na kai sefa ɗari biyu shagon Babayo a Yelwa,
ya tura mini zango na biyu.
"Wannan wuta ne," in ji shi, "wancan ai wasan yara."
Ban ce ya yi ƙarya ba.
An zuba kuɗi, an zana ruwan sama
har ka ji kamar ka tara hannu.
Kan-Tsintsiya ya yi ƙirji, ya yi murya,
takubba uku, abokai bakwai,
kowa da launin walƙiyarsa,
kuma ba mai kai duka sai ya yi wa dukan kirari.
Aljanin ma ya fito fili:
kai tara, ido a tafin hannu, tsawo ya fi gadar Binuwai,
ga surutu! Minti goma yana bayanin ƙuruciyarsa
har yawuna ya ƙafe wurin fassara.

A kashi na uku na ji munshari.

Da safe tana dama kunu ta yanke hukunci:
"Dorina, in hancinta kaɗai ka hango a ruwa, ita ce dorina.
In ta kwanta a yashi kowa na ɗaukarta hoto,
saniya ce mai ƙiba.
Aljanin da ya tsaya aka zana shi ya zama maƙwabci.
Gobe zai zo aron gishiri."

Ni dai, kada in ci amanar kaina,
faɗan kan jirgin ƙasa sau biyar na maimaita shi
a ɓoye, cikin bargo, da abin kunne.
Na ashirin da ke jikina ya yi tsalle.
Na takwas da ke cikina, mai tsoron soro da dare,
shi ne bai sami kowa a ciki ba.

Kashi na tara, bayan an rushe birni biyu,
yaron ya koma tsohon gidansu shi kaɗai.
Ba kiɗa. Ya ajiye takubban a bakin ƙofa,
ya zuba shayi, tururi ya tashi,
ya tsaya.

Nan cajina ya ƙare.
Unguwa ba wuta tun la'asar.
Muka zauna, ni da ita da randa, duhu ya cika tsakar gida,
karen Malam Tanimu da ke haushi tun magariba
ya yi tsit.

Kaka ta lalubo gwiwata.
"Yawwa," ta ce a hankali. "Yanzu ya dawo."